Surin Bayan Kwari

Shekarar da aka kai ni Wara, tun muna cikin jihar Sakkwato, ban san kowa ba sai matar maƙwabcinmu. Mijinta da nawa jirgi ɗaya suke shiga kamun kifi, shi ya sa muka saba, har nake kiranta Yaya. Ita ta sa ni cikin matan unguwa masu fita neman naman kaza, irin mai tsirowa a daji kamar laima, idan ruwan farko ya sauka.

Da sassafe muke fita in an kwana ana ruwa, kowacce da ƙwaryarta, muna duba gindin itatuwa da jikin suri. Wata rana a samu, wata rana a dawo da ganyen miya kawai. Abin da aka samu a gindin wata ɗorawa ake rabawa. Fitar nan ce ta rage mini kewar Inna.

Wata safiya ƙaya ta soke ni, na tsaya cirewa, suka yi gaba. Garin neman su na faɗa kan wani tsohon suri a bayan kwari, jikinsa fari fat da naman kaza. Wata tsohuwa Bakambara, 'yar ƙabilar yankin, da ke noma kusa ta ce in tsinka da hannu, kada ƙarfe ya taɓa surin, domin in an bar shi kowace damina zai bayar.

Na cika ƙwarya na zuba a rabo. Kafin a tambaye ni inda na samo, Yaya ta ja ni gefe, na kwatanta mata wurin. Ta ce in yi shiru tukuna, in an sake ruwa ni da kaina zan kai su, kowa ya san ni na gano. Na yi murna, don har lokacin baƙuwa suke ce mini.

Da aka sake ruwa Yaya ta leƙo ta katanga ta ce an fasa fita, kwari ya cika. Na yarda. Da hantsi ina wanki a bakin ruwa sai ga su tafe, ƙwarya cike, fartanya a kafaɗa, ana ta yabon idon Yaya.

Na same ta a gida tana gyaran nata. Na ce, "Yaya, ba haka muka yi ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Daji na kowa ne. Ke yaushe kika zo garin?"

Washegari na tafi ni kaɗai. Sun sare surin har ƙasa, gara na ta yawo a rana. Na juyo gida hannu rabbana.

Da yamma Yaya ta aiko mini da miyar naman kazan. Na ajiye wa maigida, ya ci ya yaba, ban gaya masa komai ba. Sauran daminar in na ji suna kiran juna a ƙofa sai in kama shara. Muka ci gaba da gaisawa ta katanga har ni da maigida muka koma Yelwa da zama.