Tsakiyar Labulen Kawu

Duk sanda na ji warin fenti da kananzir sai Kawu ya faɗo mini a rai, yayan Innata. Sana'arsa zana labulen da masu ɗaukar hoto na garin Garwa ke ratayawa a bayan mutum. Kogin Binuwai yake yi, da gada, da duwatsu can nesa.

Da bazara, lokacin da ko kaza ba ta barin inuwa, a zaure yake shimfiɗa yadin akoko ya danne gefensa da duwatsu. Da sama yake farawa, sannan ruwa. Tsakiyar kuwa ya bar ta fayau. Na taɓa ce masa bai gama ba.

"Nan mutum zai tsaya," in ji shi. "Wa ya zo kallona?"

In mun taso daga lekol, makarantar boko, mukan cika gaban tele muna kallon katun ɗin Japan masu Faransanci. Mu faɗan muke bi. Shi kuwa haushi yake ji in jarumin ya cika allon: "Kai, matsa mana, ɗan nema!" Gajimare yake son gani, da gonakin shinkafa. Ya ce wani bawan Allah ne can ya sunkuya ya zana su har bayansa ya ƙage, kuma ba mai tambayar sunansa. Dariya muke masa, Allah ya yafe mana.

Da waya mai kyamara ta zo masu hoto suka yi ta rufe shago. Kawu ya ajiye burushi.

Bara ya rasu. Inna ta ce abu ɗaya take so, hotonsa, don fuskarsa ta fara ɓace mata. Na katin shaidarsa zufa ta cinye shi tuntuni. Sati biyu ina kan moto, babur ɗin haya, unguwa-unguwa, har na gaji da sallama. Kowane gida a ɗauko mini hotuna: ga alhazai, ga angwaye, ga masu jego, duk a gaban koginsa. Shi babu. Ko ɗaya, wallahi.

Labulen kawai na samo, a bayan wani tsohon shago ana yi wa awaki inuwa da shi. Na kakkaɓe na rataya mata a ɗaki.

Yau 'ya'yana da yatsa ɗaya suke sa kowace ƙasa a bayansu a hoton waya. Inna kuwa kullum da hantsi tana zaune gaban labulen, idonta a tsakiyar. Jiya na ji tana cewa a hankali:

"Haba Yaya, ko sau ɗaya ai da ka tsaya."