Gurbin Kwana Tara

Shekara ashirin da shida ina kwafe lambobin mutum ɗaya, har na san rubutunsa fiye da na 'ya'yana. A ofishinmu na kula da ruwa Baba Kwalba ake ce masa, saboda kwalbar awon ruwan sama da ke bayan ofis, cikin ɗan shingen waya. Ƙarfe bakwai na safe zai buɗe shingen, ya juye abin da ya taru cikin gilashi mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ya rubuta ya sa hannu. Ni akawu ne, nawa in kwashe daga littafinsa in zuba a babbar rajista.

Direbobi kan tsokane shi. "Baba, gobe za a yi ruwa?"

"Ka zo jibi in gaya maka, har da yawansa."

A daminarsa ta ƙarshe kafin ritaya aka kwantar da matarsa a asibitin wani gari. Ya tafi bai jira takardar izini ba, da makullin shingen a aljihu saboda ruɗewa. Kwana tara ya yi, ya dawo ba ita. Cikin kwanakin nan aka yi ruwan da ya cinye kwalbatin bakin kasuwa. Kwalba ta cika ta tumbatsa, ba wanda ya auna.

Injiniyanmu, mutumin kirki, yana bukatar lambobin don zana sabon kwalbati. Ya same mu ni da Baba a teburina da takarda a hannu.

"Baba, lissafi ne, ba ƙarya ba. Na ɗauki na tashar awon ruwa ta gabas da na ta yamma, mu muna tsakiya. Ka kwafe ka sa hannu. In rajista ta je hedkwata da gurbi, takardar tuhuma za su aiko, ga shi saura wata huɗu ka ajiye aiki, fayil ɗinka ko ɗigo babu."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin ruwa ya jiƙa wannan gefen titi ya bar wancan?"

"Na gani."

"To, girgije bai san muna tsakiya ba."

Na sa baki, don ina tausayinsa. "Baba, ai lambar dab take da gaskiya."

"Ban musa ba, malam akawu. Wataƙila ma lambarsa ta fi tawa daidai, idona ya tsufa. Amma sa hannuna cewa yake na durƙusa na gani. Wanda zai buɗe littafin nan bayan ba mu, ta ina zai rabe wadda aka gani da wadda aka zata?"

Injiniya ya nuna gilashin awon da ke hannun Baba. "Shi ma wannan wani ya zana shi. Kana nan aka yi? Yarda kawai ka yi."

Baba ya daɗe yana juya gilashin a hannu. "Nan kam ka kama ni. Na yarda da shi ne don ina kyautata zaton bai zana abin da bai auna ba. Haka nake so a yarda da ni."

Aka bar layi tara fayau. Injiniya ya rubuta nasa lambobin a gefen shafi da fensir, ya sa "ƙiyasi", ya sa hannunsa. Da su aka gina kwalbatin.

Bayan sati uku tuhumar ta iso, ta hana Baba takardar yabon da ake ba mai fayil mai tsabta. Ni na karɓa, ni na kai masa, na ce ya ambaci rasuwar ko za a sassauta. Ya ce ba zai yi garkuwa da marigayiya ba. Amsarsa layi ɗaya ce, ni na huda ta na sa a fayil: "Ban je ba, ban gani ba, shi ya sa ban rubuta ba."

Shekara biyu bayan haka ya rasu. Allah ya jiƙansa.