Yadda Na Kama Ɓarawo Ina Durƙushe

Ni manomi ne ɗan manomi, haifaffen Ruwan Bore, kuma da ba don wani attajirin Gusau ya yaba da natsuwata ba, da a bakin garma zan tsufa. A zamanin da kuɗin wuri ke ja da baya, kuɗin Turawa na shigowa kasuwa, tun jirgin ƙasa bai iso garinmu ba, ya ɗauke ni in riƙa tsare masa rumfarsa ta tufafi. Saƙi yake sayarwa da akoko da baƙin rini, sai 'yan madubai da kwalli domin mata. Ran kasuwar Tsafe mu labta wa jakuna kaya mu tafi, ran ta Bungudu ma haka. Shi nasa ciniki, ni nawa ido.

Na ƙaunaci aikin nan ƙwarai. A cikinsa na gane mai saye kaya yake dubawa, ɓarawo kuwa mai kaya yake dubawa. Na koyi lura da hannun babbar riga, wanda ke iya haɗiye turmi guda ba a ji motsinsa ba. Shekara biyu ko allura ba ta salwanta ba, har matata ta soma cewa a gida ma kallonta nake yi kamar za ta sace ludayi.

Sai ga shi a Bungudu, kasuwa uku a jere, turmi yana ɓacewa. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma a ta ukun, muna biye da jakuna a hanyar komawa, ya ce:

"Ɗan Ruwan Bore, idon naka ya gaji ne? In aka ƙara ɗaukar ko ƙyalle, sai ka koma gonar ubanka, ni kuwa in nemi mai sanda."

Na riga na kawo iyalina Gusau, mutanen ƙauyenmu kuma sun san ni da mai tsaron attajiri. In koma musu a matsayin wanda aka sallama saboda sakaci, wannan ban ga yadda zan iya ɗaukarsa ba.

Na bi ranakun nan uku a zuciyata tun daga sauke kaya har ɗaure su, sai na tarar abu ɗaya ne ya haɗa su. Bayan azahar wani dattijo yakan zo, da farin gemu da rawani da doguwar tasbaha, ya tsaya a gaban rumfa ya yi sallama. Mu kuwa da muka tashi gaban manya, sai in tuɓe takalmi in durƙusa in sunkuyar da kai, maigidana ma ya rusuna. Dattijon ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, har jakuna sai ya tambayi lafiyarsu, sa'an nan ya ja doguwar addu'a mu shafa. Bai taɓa sayen ko zare ba. Duk tsawon wannan gaisuwa babu mai duban bayan rumfa, inda zana ta ɗan rabu da itace.

To, amma zato ne kawai. Idan na ƙi durƙusawa, ko na juya wa dattijo baya yana magana, alhali ba shi da laifi, kasuwa duka za ta ce mai tsaron attajiri ba shi da tarbiyya, wannan ma sallama ce. Dole in durƙusa, dole kuma in ga bayana.

Da kasuwar Bungudu ta zagayo, na zari madubi ɗaya cikin na sayarwa, na jingina shi da dutse a ƙasa daidai inda nakan durƙusa, na karkata shi har ina hango ɓarakar zanar a ciki. Bayan azahar sai ga dattijo.

"Salamu alaikum. Ina wuni, samari?"

"Lafiya lau, Baba," na ce, na zube, kaina a ƙasa, idona a madubi.

"Ina gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, Baba."

Yana kan tambayar damina na ga hannu ya ratso zana, ya lalubo turmin saƙi, ya soma ja a hankali. Daɗi ya cika ni har sai da na danne dariya. Na miƙa hannu na kama gefen rigar dattijon kamar mai neman tubarraki, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Baba, ina wajen ɗan nan naka da ke bayan rumfa? A ce masa ya saki turmin ya zagayo mu gaisa!"

Mai goron da ke kusa da mu ya yi tsalle ya zagaya, sai ga shi riƙe da wani ƙato, hannunsa har yanzu yana maƙale cikin zana. Dattijo ya yi ta fizgar riga yana cewa:

"Wanga yaro, mi kake hwaɗi? Ban san shi ba!"

Ƙaton kuwa ya ce, "Haba Kawu, yanzu kuma ba ka san ni ba?"

Kasuwa ta ɗauki dariya, wata mai fura har da buɗa. Sarkin kasuwa ya zo da mutanensa suka tafi da su biyun. Ni kuwa ban tashi ba sai da suka ba da baya, kada a ce na miƙe a gaban babba.

Maigidana ya ɗauki madubin ya share da hannun rigarsa, ya dube ni ya ce:

"Kayan sayarwata ka kai ƙasa ya sha ƙura? To, wa zai saye shi yanzu? Riƙe abinka."

Da yamma, muna ɗaure kaya, ya ce in gaya wa matata ta daina tunanin ƙauye, akwai ɗaki biyu a bayan gidansa, mu koma can kafin ruwa ya sauka. A cikinsu aka haifi 'ya'yana duka.