Agogon Bangon Da Ya Kusa Raba Ni Da Taubashina

Edita, a farkon shekarun casa'in ni matashi ne mai zafin kai da saurin zargi, ina sana'ar albasa a Kalgo tare da ɗan gwaggona daga Gwandu. Taubasai ne mu, don haka kasuwancin namu rabi ciniki ne rabi tsokana. Shi ke zagaya ƙauyuka da babur ya gano gonar da albasarta ta nuna, ya dawo shago mu tsara ranar da za mu je mu saye ta tun ba a cire ba.

Kwatsam sai abu ya sauya. Duk gonar da muka ambata, kafin mu isa wani Alhaji mai shago a tsallaken titi ya riga mu. Mu biyu kaɗai ke wannan magana, ni kuma na san ban faɗa wa kowa ba. Na daina yi wa taubashina wasa, in ya tsokane ni in haɗe rai, har ranar da na ce masa a fili shi ke sayar da mu. Ya tashi ya fice daga shagon.

Washegari ya zo kwashe kayansa: tabarma, buta, da rediyonsa. Yana ɗaga rediyon sai ta kunnu, hannunsa kuma ya murɗa ta zuwa layin da ba ma kamawa, tunda ba tasha a can. Daidai lokacin na yi atishawa, sai rediyo ita ma ta yi atishawa. Na yi hamdala, ta maimaita da muryata. Muka tsaya muna kallon juna. Ya riƙa zagaya shago da ita, yana kusantar bango ta ɗauki wani kuka mai tsinka kunne, daidai ƙarƙashin agogon da Alhajin ya kawo mana tsaraba daga Makka. Da muka buɗe bayansa sai ga 'yar makirfo kamar ƙwayar gyaɗa, mai aika maganarmu ta iska zuwa rediyon Alhaji. Nan na tuna yadda bawan Allah yake tsallako titi da kansa ya sauya wa agogo batir, ni kuma ina ta zuba masa godiya.

Taubashina ya ja ni waje, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce ashe agogo ne ɗan gwaggona mai sayar da mu. Ni ina dariya ina hawaye, ina neman gafara, shi yana cewa sai na yi wata guda ina wanke masa babur.

Mun mayar da agogo inda yake. A gaban agogon muka ɗaga murya muka yabi wata gona a Dangoma wadda babu ita, Alhaji ya ɗauki hayar mota da sassafe ya nufi can, mu kuwa muka wuce Kambaza muka yi cinikinmu hankali kwance. Ranar da Alhaji ya sake zuwa da batir, mun aje rediyo a kunne. Ya yi sallama, ya ji sallamarsa ta dawo masa. Ya aje batirin a hankali ya juya.

Shawarata ga 'yan kasuwa, in sirri na fita, a fara bincika ɗaki da duk abin da baƙo ya shigo da shi kafin a binciki zuciyar ɗan'uwa. Na'ura ana cire ta da ɗan yatsa, amma maganar da na gaya wa taubashina ban iya cire ta ba. Ya yafe mini, sai dai har yau da furfurarmu, in zan yi magana a taro, sai ya nuna bango ya ce in yi a hankali, ɗan gwaggona yana ji.