Shaida a Ƙofar Direba

Na daɗe da yanke hukunci cewa mutanen duniya kashi biyu ne, kuma ba yare ko siyasa ne suka raba su ba. Akwai waɗanda idan motarsu ta mutu sukan kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli, a wuce wurin. Akwai kuma waɗanda sukan ɗora ta a kan bulo huɗu a tsakar gida, su lulluɓe ta da tamfol, su zauna jiran ranar tashinta. Gidanmu na Fadaman Mada a kashi na biyu yake, kuma shekara goma sha tara ba mu sauya sheƙa ba.

Motar jif ce irin ta da, mai kusurwa huɗu kamar akwatin ɗan makarantar kwana, koriya a wuraren da fenti ya rage. Mai ita Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Malamin dabbobi ne na gwamnati. Da wannan motar ya zaga rugage yana yi wa shanu allura, ni kuma lokacin hutu ina baya a tsakanin akwatunan magani, kaina yana gaisawa da rufi a kowane rami. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon motocin ofis, ya saye ta. Ya ci gaba da tuƙa ta har idanunsa suka fara dushewa. Daga nan ta hau bulo, kajin gidan suka sami bene.

Kullum idan ya dawo daga masallaci da safe sai ya ratse wajenta, ya ɗaga gefen tamfol, ya ɗora tafin hannunsa a ƙofar direba, ƙasa kaɗan da mariƙi. Ya ɗan tsaya, ya wuce. Ni na ɗauka dogarawa ce irin ta tsofaffi.

Shekarar da na ajiye alli, bayan na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane nahawu, ya kira ni ɗakinsa. A lokacin ba ya ganin komai sai bambancin rana da inuwa.

"Ticha, yanzu dai ba ka da aikin yi."

"Ina da karatu, Baffa."

"Abin da na faɗa ke nan. Ka tayar mini da motar nan."

Na ce ina za a je da ita? Ya ce wajen tsoho. Kakana ke nan, mahaifinsu, wanda aka binne a inda rugarsu ta yi shekaru tana zama, arewa da gari. Ba gini, ba alama, kamar dai yadda ake binne makiyayi. Duk waɗanda suka tsaya a bakin kabarin sun rasu, saura shi.

"Idan na tafi ban nuna maka ba, shi ke nan, tsohon ya ɓata."

Na yi ta neman ladabin da zan lulluɓe tambayata da shi, ban samu ba. Na ce to da wane ido za a nuna mini?

"Ƙuguna ya san hanya," in ji shi. "Rafi na farko yashi ne. Na biyu duwatsu, sai haƙoranka sun haɗu. Na uku sai an sa ogzilari. Da an haura, mota za ta karkata hagu sau biyu. Nan za ka tsaya. Tsamiya tana dama."

Ogzilari ita ce ƙaramar giyar nan ta biyu da ke sa ƙafafun mota huɗu su ja tare. Na ce ai sai mu ari wata motar mai irinta. Ya ce a kan wannan kujerar ƙugunsa ya haddace hanyar, a wata kujerar zai yi tuntuɓen karatu. Kuma yana so a je kafin ruwa ya sauka.

Bakaniken da na kira abokina ne tun firamare, ya bar mu a aji huɗu ya kama sifana, ya kuma riga ni gina gida. Mutanensu daga duwatsun kudu suke, Hausarsa ba ta san mace ba. Ya yaye tamfol, kaji suka watse, ya zaga motar sau biyu hannuwa a baya.

"Wannan mota, ya mutu tun tuni."

"Ta mutu," in ji Baffa daga kan tabarma.

"Baba, ko ita ne, ya mutu."

"Ka gyara maganar tukun, sannan ka gyara motar."

"Ɗaya zan iya, Baba. Ka zaɓa."

Wata bakwai muka yi. Ɓeraye sun yi zuriya a cikin kujeru, kafireto ya cika da gidan zanzaro, lagireto kuwa idan ka zuba masa ruwa ta sama sai ya mayar maka ta ƙasa nan take, cikin gaskiya da riƙon amana. Ogzilarin ta ci mu wata biyu kafin aka samo haƙoranta a jikin wata gawar mota a bayan gari. Aikina a duk wannan shi ne miƙa sifana.

"Ticha, na ce sha uku, ka ba ni sha bakwai. Haka kake ba yara maki?"

Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya rufe gidan, maƙwabta suka leƙo. Na waiwaya in ga fuskar Baffa. Ya karkatar da kai yana saurare kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. Can ya ce, "Filogi ɗaya ba ya ci." Bakanike ya duba, ya ɗago, ya cire hularsa ya mayar. Tun daga ranar, a gaban Baffa dai, motar ta koma mace.

Abin da ya dame ni kuwa shi ne babu hannuna a ciki. Mutum ya riƙe ka shekara da shekaru, ya roƙe ka abu ɗaya, ka tsaya a gefe kana miƙa sha bakwai. Ina cikin wannan tunani na shiga wani shagon fenti kusa da Kasuwar Muda Lawal neman samfefa, mai shagon ya nuna mini wasu gwangwanaye da suka daɗe a kan kanta. Ya ce fenti ne da ake shafa wa bayan a-kori-kura don kada kaya su ƙarje shi. Ba ya bukatar injin feshi, da rola ake shafa shi kamar bangon ɗaki. Ba ya jin rana, ba ya jin ƙaya, ba ya jin karce.

Na juya gwangwanin na ga bayani da Turanci, sakin layi shida. A tsaye na karanta shi sau biyu, da irin daɗin da mutum kan ji idan ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Ga dai wani sashe na gyaran mota da ake fara shi da karatu.

A makon Baffa ya tafi gidan 'yarsa a GRA, an yi haihuwa a can. Na ce kafin ya dawo zan ba shi mamaki. Na bi bayanin layi-layi. Aka ce a goge jikin da samfefa har sai ya daina sheƙi, na goge. Aka ce a cike duk wani karce da lotsa, na sayo ƙullin da masu gyaran bodi ke cikewa da shi, na bi motar tun daga hanci har wutsiya. Ƙofar direba ta fi ko'ina ba ni wahala, don akwai wasu karce masu zurfi ƙasa da mariƙi, uku a tsaye, ɗaya ya ratsa su. Sau biyu na cike su kafin su shafe. Har na yaba wa kaina.

Fentin da kauri yake kamar kunun tsaki, baƙi-baƙi, toka-toka, warinsa har cikin ido. Shafi biyu na yi cikin kwana uku. Da ya bushe sai jikin motar ya yi kaushi kamar bayan kada. Maiɗakina ta fito ta duba ta ce ta yi kama da gindin tukunya. Na ce mata haka ake yayi a ƙasashen da suka ci gaba.

Washegarin dawowar Baffa na riga shi zuwa wajen motar, na tsaya a gefe. Ya shigo daga masallaci da sandarsa, ya ratse kamar kullum, ya miƙa hannu. Da tafin ya sauka sai ya janye shi da sauri, kamar ya taɓa murhu. Ya sake mayarwa a hankali. Yatsunsa suka sami mariƙi, suka gangara ƙasa, suka yi dama, suka yi hagu, suka dawo.

"Motar wa aka kawo?"

"Taka ce, Baffa. Fenti na yi mata. Da hannuna."

"Ina shaidar?"

Na ce wace shaida? Ya juyo da fuskarsa inda muryata take.

"Uku a tsaye, ɗaya a kwance. Ba ka taɓa ganinta a cinyar saniya ba?"

Na taɓa gani. A lokacin na tuna na gani, ina yaro, a cinyar kowace saniya ta gidanmu. Ni da na yi shekara talatin ina ja wa yara kunne a kan ƙugiyar ɗa da ƙa, ga harafi ɗaya tak da kakannina suka mallaka, na same shi na cike da ƙulli.

A tsaye ya ba ni labarin, hannunsa bai bar ƙofar ba. Ranar da ya fara zuwa ruga da motar, sabuwa fil, tsoho ya zaga ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambaya me take ci. Sannan ya zaro wuƙa ya ce duk abin da ya kwana a garken nan sai an yi masa shaida. Baffa ya ce ta gwamnati ce, za a tuhume shi. Tsoho ya ce gwamnati ta zo ta same shi. Shekaru bayan haka, ranar gwanjo, motoci huɗu aka jera iri ɗaya, an cire lambobinsu. Da wannan ya gane tasa.

"Hannunsa ke nan da ya rage," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

Na ce zan kankare wurin. Ya ce in na kankare me zan tarar, ba ƙulli ba? Na ɗauko ƙusa na ce to ya nuna mini in sake zanawa. Ya ce zanen wa, nawa? Duk da haka bayan ya shiga ɗaki na gwada a ɓoye. Ƙusar ta yi ta zamewa, ko gezau. Mai shago bai yi mini ƙarya ba.

Kwana biyu bai ratse wajen motar ba. A na uku, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ya aiko a kira ni.

"Gobe da safe. Kujerar dai ba ka shafa mata ba ko?"

"Ban shafa ba, Baffa."

"To alhamdu lillahi."

Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na ɗora shi a gaba, ya gyara zama, ya dafa gwiwoyinsa, ya ce bismillah. Muka fita gari injin yana waƙa, mutane suna nuna mu da baki. Shi ya faɗa mini inda zan bar babban titi, ya ce daga nan in riƙe sitiyari da kyau, in rufe bakina kada in ciji harshe.

Na karya kwana, sai ga kwalta shimfiɗe a gabana, baƙa wuluk, har da farin layi a tsakiya.

Na rage gudu, ina fatan za ta ƙare a bayan tudu. Muka haura tudun, tana nan. Muka wuce wata 'yar gada, muka wuce wata, ko motsi mota ba ta yi ba. Gefen hanya gonaki ne da rumfunan masu sayar da gawayi, buhu a kan buhu.

"Ba mu kai yashin ba?"

"Tukuna, Baffa."

Can ya sake tambaya. A karo na uku na faɗa masa gaskiya. Ya ce in koma baya mu sake, a hankali. Na ce bari mu kai ƙarshe tukun. Na tsaya wuri uku ina tambayar tsamiya da tsohuwar ruga. Wani ya ce shi zuwan hanyar ne ya kawo shi nan. Wani ya nuna mini tsamiya biyar. Wani dattijo ya ƙirga mini gadoji bakwai, ya ce ban da ƙananan kwalbatoci, ya tambaya wanne ne rafi na ukun.

A dawowa na yi tafiyar da har masu keke suna wuce mu. Baffa ya rufe ido, ya saki jikinsa, yana jiran mota ta karkata hagu. Na riƙa satar kallonsa ina jira tare da shi. Da na ga kansa ya sunkuya na ɗauka ya ji wani abu ne. Barci ne ya ɗauke shi.

Ko ma ina tsohon yake kwance, mun wuce shi sau biyu a ranar, da zuwa da dawowa. Kafin azahar muna gida, ban taɓa ogzilari ba.