Kwana Sittin ɗin Ja'afaru

A Madina aka haifi Ja'afaru, a wani lungu da ke gindin dutsen Uhudu, amma fasfonsa na Chadi ne, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Kakansa ne ya zo da ƙafa, shekara shida yana hanya. Lokacin da ake rubuta mazauna gari ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, maƙwabcinsa ya je ya bi layi, shi kuwa tsohon ya ce baƙon Manzo ba ya neman izinin zama a wurin kowa. Jikan maƙwabcin nan shi ne Ubaidullah, mai shagon dabinon da Ja'afaru ya yi wa aiki shekara goma sha tara. Shi ne kuma kafil ɗinsa, wanda sai da yardarsa ake sabunta masa iƙama, izinin zaman baƙo, duk shekara.

Tare suka tashi, kwano ɗaya, malami ɗaya. Ubaidullah bai taɓa wulaƙanta shi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da mugu ne, da ya samu wanda zai tsana. A'a, duk shekara sai ya latsa wayarsa yana murmushi, ya ce, "Halas, ya ahi, an ƙara maka shekara." Ja'afaru ya yi godiya, ya koma kan buhunan dabino.

Ya kuwa san aikinsa. Da ɗan yatsa yake bambanta ajwa, sarauniyar dabinon Madina, ta gaske da wadda aka shafa wa mai don ta yi sheƙi. Alhazan Kano da Damagaram wurinsa suke tsayawa saboda Hausa. Su tambaye shi ɗan wane gari ne, ya ce nan, su yi dariya su ce, "A'a, asali muke nufi." Larabawan ma haka suke tambayarsa.

Yana da ɗan kawu, Osman, a Kanada, wanda ya shigar masa da takardun hijira shekara uku da suka wuce. Wata safiya Osman ya turo saƙon murya, wai takardun sun kai matakin ƙarshe, ya fara shiri. Bai ce biza ta fito ba. Ja'afaru ya saurara sau huɗu, ya wanke hannu, ya je ya tsaya gaban teburin Ubaidullah.

"Huruj niha'i nake so ka buga mini."

Wannan ita ce fita ta ƙarshe. In aka buga wa mutum, kwana sittin gare shi ya bar ƙasar, iƙamarsa kuma ta mutu.

"Bizar ta fito?" in ji Ubaidullah.

"Tana hanya."

"Ya shehu, abin da ke hanya ai a hanya yake. Bari ta iso, ba'adain mu yi magana."

"Yau nake so."

Ga mutane, Ja'afaru ya ce yana gudun kada biza ta zo ta tarar da shi bai shirya ba. Ba haka ba ne. Shekara goma sha tara yana tanadin ranar da zai roƙi Ubaidullah abu na ƙarshe, can ƙasan ransa kuma yana tsoron a hana shi bizar. Ya so ya ɗanɗani daɗin maganar nan tun mummunan labari bai zo ya ƙwace masa ita ba. Ya kuma ɗanɗana. Daɗin bai raka shi ko bakin ƙofar shago ba.

Sai ya yi abin da mai barin gari ke yi. Ya bi unguwa gida-gida yana neman yafiya. Ya yanka rago, aka dafa shinkafa, maza suka cika tabarmi bayan la'asar. Kowa ya yafe masa duniya da lahira, kowa kuma ya kawo saƙon da zai kai wa Osman: turare, yaji, darduma, dabino. Ya je Masallacin Manzo ya yi ziyarar bankwana, ya yi kuka na gaske. Ya shiga kasuwar gwanjo ya sayi wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya.

Mahaifiyarsa Kaltume tana zaune gidan ƙanwarsa Shafa'atu, wadda ke auren ɗan ƙasa. Ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa.

"Kai yaron nan," ta ce, "kakanka ya baro duniya ya zo nan, kai za ka bar nan ka tafi duniya. Na yafe maka. Amma in na mutu, wasu ne za su ɗauke ni."

Kwana ashirin suka wuce, talatin suka wuce. Saƙonnin Osman suka riƙa gajarcewa: ana dubawa, ƙila wata shida, ƙila shekara biyu, wasu ma hana su ake yi. A unguwa aka fara tsokanarsa.

"A'a, Bature, har ka dawo?"

"Ko jirgin ne ya yi faci?"

Wanda aka ci ragonsa aka yi masa addu'ar tafiya, ganinsa a layin mai burodi nauyi ne ga kowa. Sai ya daina salla a unguwa. Ya riƙa shiga bas zuwa masallacin Ƙiblatain, ya saje da alhazai, inda ba wanda ya taɓa yafe masa komai.

Ranar kwana na hamsin da uku, da hantsi, Ubaidullah ya same shi a ɗakinsa. Ya dubi akwatunan da aka ɗaure da igiya, ya zauna a kan ɗaya, ya fito da waya.

"Ja'afar, latsawa ɗaya ce, wallahi. In soke fitar, gobe ka dawo shago. Yaron da na ɗauka bai san ajwa da gawayi ba."

"An riga an yafe mini."

"To sai ka sake yi mana laifi, mu sake yafewa. Mene ne a ciki?"

Ja'afaru ya dubi babban yatsan Ubaidullah da ke tsaye a kan wayar. Garin haihuwarsa, da kabarin ubansa, da tsohuwarsa, duk suna ƙarƙashin yatsan nan, mai yatsan kuma ba abin da yake nufi sai alheri. Abin da ake so kawai ya ce na gode, kamar kullum. Ya buɗe baki.

"Bizar ta fito jiya," ya ce.

Ubaidullah ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da wayar aljihu, ya tashi ya rungume shi. "Mabruk, ya ahi." Bai ce a nuna masa ba. Sai da ya fita Ja'afaru ya gane wannan ma wata alfarma ce aka yi masa.

Ya sayi tikitin Njamena, don Chadi ce kaɗai ƙasar da ba za ta iya korarsa ba. Bai san kowa a can ba. Ranar tafiya unguwa ta sake fitowa rakiya, cikin zafin da ke narkar da kwalta, shi kuwa riƙe da rigar sanyi a hannu don kowa ya gani. Shafa'atu ta riƙo tsohuwa har bakin tasi.

"Can ɗin, ina alƙibla take?" Kaltume ta tambaya.

"Gabas, Inna."

Iyakar gaskiyar da ya faɗa ke nan a ranar.

Tasi ta ɗauki hanyar filin jirgi, Uhudu na komawa baya. A kan cinyarsa akwai kwalin dabinon da Ubaidullah ya bayar a kai wa Osman. Ajwa ce mai kyau, Ja'afaru da kansa ya zaɓe ta kafin ya bar shago. Za ta iya shekara ba ta lalace ba. Bayan haka bai sani ba.