Ulun Da Na Sayo A Sakkwato

Bakina ne ya ja min, ba kowa ba. Tun ina ƙarama Inna ke faɗa min cewa ina magana kafin in yi tunani, ban ji ba, har na girma na yi 'ya'ya huɗu ina nan yadda nake.

Ina da ƙawa a Yelwa ta Yawuri, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. 'Yar wani ƙauye ce na bakin ruwa can wajen Wara, aure ya kawo ta gari. A zumuntar matan cocinsu ta koyi saƙa, ta zo ta fi waɗanda suka koya mata. Babu jaririn da aka haifa a layinmu, na Musulmi ko na Kirista, da bai sa hular hannunta ba. Sabon zare kuwa ba ta taɓa saye ba. Tsofaffin rigunan sanyi take tsinta a gwanjo, ta warware su, ta wanke zaren, ta rataya shi a igiya da dutse a ƙasa don ya miƙe. Kullum na taso daga makarantar da nake koyarwa, wurinta nake zubewa. Ina riƙe mata zare tana naɗewa, muna cin naman mutanen gari.

Ranar sunan ɗiyata ta huɗu ta kawo rigar jariri. Na buɗe a gaban mata. Jikin rigar ja, hannu ɗaya ja, ɗayan ruwan goro, ga ramuka nan da can inda saƙar ta zame. Maimakon in ninke in yi godiya, sai na ɗaga ta sama.

"Ke ƙawa! Wannan riga ce, ko taru kika saƙo min in je kamun kifi?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi 'yar dariya. Kafin a raba abinci na duba ban gan ta ba.

Shi ke nan, ta ɗauke ƙafa. Ni kuma na ce kan ɗan wannan wasan? To ta yi ta yi. Na aika mata tuwo, kwano ya dawo a wanke da bandar kifi a ciki, amma ita ba ta leƙo ba. Wata uku ina jin muryarta ta kan katanga, ina jin kewarta har cikin ƙashina, girman kai ya hana ni taka ƙofarta. Da na sauko, sai na ce ai ba zan shiga hannu rabbana ba. Sai da abin da zai nuna mata na san darajar hannunta.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, takardun aikinmu na malamai ba su gama dawowa daga Sakkwato ba, aka ce kowa ya bi nasa. Na tafi. Takardun ban samu ba, amma na shiga kasuwa na nemi masu zaren ulu. Na fi awa a rumfar wani dattijo, na sa ya sauko da kusan duk abin da ke kanta. Ya miƙo min wani fari mai kauri, ya ce shi mata suka fi saye, ba ya wahalar saƙa.

"Baba, ƙawata ba 'yar koyo ba ce," na ce masa. "Ba ni mafi siriri."

Na zaɓi dunƙule shida, kowane da launinsa: ja, kore, shuɗi, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, ruwan goro. Na yi ta fita da su rana ina karawa da juna, har dattijon ya tambaye ni ko lefe nake haɗawa. Na ƙara da kibiyoyin saƙa sirara. Duk tsawon hanyar Yawuri ledar na kan cinyata, ina shirya abin da zan ce.

Washegari bayan la'asar na shiga. Tana zaune gindin mangwaro tana saƙa, ba ta kallon hannunta, yadda ta daɗe tana yi, ni kuwa na ɗauka gwaninta ce. Na yi sallama. Ta amsa da murna, amma fuskarta ba daidai inda nake tsaye ta juya ba. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ajiye ledar a cinyarta kawai.

Ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ta murza, ta kai hanci.

"Sabo na," ta ce a hankali. "Ba wanda ya taɓa sa shi." Ta ɗago min shi. "Wanga wane launi na?"

Raina ya ɓaci. "Haba ƙawa! Na zo ban haƙuri, ke kuma ramuwa za ki yi?"

"Ba ba'a nike ba. Tun bara nike gani kamar cikin hayaƙi. Ciwon ido na, na mutanen bakin ruwa, haka babana ya makance." Ta ci gaba da murza zaren. "Ramukan rigar nan na ji su da hannu, na ce za su shige. Launin hannun rigar ne ban sani ba, sai da na ji dariya."

Na zauna a ƙasa. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

"Shi ya sa kika yi fushi kika daina zuwa."

"Ba fushi ba ne. Kunya ta. Ban so ki gane."

Na fara maganar asibiti, na Sakkwato, na Kaduna, ko'ina ne zan kai ta. Ta ce maigidanta ya riga ya kai ta. An ba ta ƙwayoyi don kada ya yi sauri, amma abin da ya tafi ya tafi. Kibiyoyin ta shafa su, ta miƙo min, ta ce sun yi siriri, ba za ta ji saƙar a kansu ba.

Sai ta ce in ƙulla mata alama a bakin kowane zare, yadda za ta gane da yatsa. Ja ƙulli ɗaya, kore biyu, shuɗi uku. Na zauna ina ƙullawa, hawaye na ɗiga a kan zaren, ina danne numfashi don kada ta ji. Ina kan na huɗu ta kama hannuna.

"Bari, ƙawa. Shida sun yi min yawa, zan rikice in sake jin kunya. Bar min ja da kore. Sauran ki ba wadda ke gani."